Daga Taro Zuwa Aiki: Yadda Ake Haɗa Hukuma, Masu Sarauta, 'Yan Kasuwa da Mutanen Unguwa Kan Matsala Ɗaya

Duk shekara da damina ta kankama, babbar kwatar da ta ratsa unguwarmu sai ta tumbatsa. Ruwa ya shiga zaure, ya shiga shaguna, ginin ƙasa ya fara jiƙewa daga gindi. Sau biyu muka yi taro a kanta. Aka yi hayar kujeru, aka raba lemo, wani jami'i ya zo da motar ofis ya yi jawabi mai daɗi, aka ɗauki hoto, aka shafa fatiha. Kwata kuwa tana nan yadda take. Waɗanda suka zo ba mugaye ba ne, kuma da niyyarsu suka zo. Abin da ya faru shi ne kowa ya tashi yana zaton wani ne zai fara.

Matsala irin wannan ƙofa ce mai kwaɗo da yawa, kuma kowane mabuɗi yana aljihun wani daban. Motar kwashe shara tana hannun hukuma, kuɗi yana hannun 'yan kasuwa, ƙarfi yana wajen matasa, wanda ake jin maganarsa kuma mai unguwa ne da liman. Kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wanda ya taɓa ɗaukarta ya san yawan hannu kaɗai bai isa ba, sai an sami mai ba da murya an ɗaga lokaci guda. Matakan da ke ƙasa na ba da wannan muryar ne. Zan riƙa misali da kwata don ita na sani, amma hanyar ɗaya ce ko makarantar firamare ce rufinta ya yaye, ko asibitin sha-ka-tafi ne ba ungozoma, ko burtali ne aka nome.

Mataki na farko: ku matse matsalar har ta shiga jimla ɗaya

"Tsaftar muhalli" take ne na jawabi, ba wanda zai iya cewa an gama ta ko ba a gama ba. Ku ce: "Kwatar da ta taso daga bakin kasuwa zuwa gadar makaranta ta toshe a wuri uku, muna so ruwa ya riƙa wucewa kafin ruwan farko." Mutum uku su bi ta da ƙafa daga farko har ƙarshe, su ɗauki hoto da waya, su ƙirga gidajen da ruwa ya shiga bara, su lura da inda aka yi gini ko aka kafa tebur a kanta. Wannan 'yar takardar ita ce jarinku. Jami'in da kuka je masa da kuka zai ba ku haƙuri, wanda kuka je masa da hoto da lissafi kuwa sai ya gyara zama.

Mataki na biyu: ku gano wa ke riƙe da me

A nan ake cin nasara, a nan kuma ake faɗuwa, don haka kada ku yi gaggawa. Ku zauna da takarda ku amsa tambaya huɗu.

Wa doka ta ɗora wa aikin? Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya sa magudanan ruwa, kwashe shara, kasuwanni da tashoshin mota cikin ayyukan ƙaramar hukuma. A aikace kuma, a manyan birane hukumomin jiha ne ke riƙe da motoci da ma'aikata. A Kano, misali, akwai REMASAB ta kwashe shara, akwai KNUPDA mai ba da izinin gini. Idan ba ku bambance wannan tun farko ba, za ku yi wata biyu ana cilla ku daga wannan ofis zuwa wancan.

Wa ke da kuɗi ko kayan aiki? Kada ido ya tsaya kan attajirin unguwa kaɗai. Mai gidan bulo yana da tifa, mai gidan mai yana iya ba da dizal, ƙungiyar 'yan kasuwa tana da asusu, ƙungiyar direbobi tana da yara majiya ƙarfi.

Wa ake jin maganarsa? Sannan ta huɗu, wadda aka fi mantawa: wa zai yi asara idan aka gyara, ko wa ke da dalilin ƙin yarda? Mai shagon da ya ɗora dakali kan kwata, da yaran da ke kwashe shara a baro su juye a cikinta don abin da suke ci ke nan, duk suna cikin lissafi. Wanda kuka bari a waje shi zai warware muku saƙa da dare.

Tarihin rigakafin shan inna ya isa darasi kan tambayoyin nan biyu na ƙarshe. A 2003 shirin yana da komai: gwamnatin tarayya, Hukumar Lafiya ta Duniya, UNICEF, Rotary, kuɗi, magani, motoci. Abin da ya rasa shi ne yardar masu gida. Jita-jita ta bazu cewa ɗigon yana hana haihuwa, kuma mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara ba lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Jihar ta dakatar da rigakafin, ba a dawo da shi ba sai Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo maganin daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Masu shirin sun lissafa kowa da komai, ban da malamin da ake tambaya bayan sallar asuba ko abin nan ya halatta.

Mataki na uku: ku bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a yi maganar taro

Babban kuskurenmu a karon farko shi ne mun fara da taro. A gaban jama'a babu jami'in da zai ce ofishinsa ba kuɗin mai, babu ɗan kasuwar da zai ce ba zai bayar ba. Kowa zai ce "in sha Allahu" ya tafi. Gaskiya a zaure ake jin ta, mutum biyu ko uku.

Ku bi tsani yadda yake. Mai unguwa tukuna, shi zai kai ku wajen dagaci, dagaci ya kai maganar gaban hakimi. Kada ku tsallake mai unguwa don kuna da lambar hakimi, zai ji, kuma ranar da kuke neman wanda zai yi wa mai dakali magana ba za ku same shi ba. Ta ɓangaren hukuma ku fara da kansila, sannan shugaban sashen da abin ya shafa, lafiya ko ayyuka, kafin ku nemi ganin ciyaman. Kowace wasiƙa ku yi ta biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ku riƙe.

Kowa da irin maganar da ke shigarsa. Ga dagaci: "Ranka ya daɗe, mun zo ne a sa mana albarka, kuma a ba mu wanda zai tsaya mana." Ga liman: "Allah gafarta Malam, muna roƙon a taɓo maganar zuba shara a hanyar ruwa cikin huɗuba." Ga jami'i: "Yallaɓai, mu za mu fito da ƙasar, abin da muke nema mota ce ta kwana biyu." Ga ɗan kasuwa kuwa ku tuna masa buhun da ya jiƙe masa bara. Bayan kun faɗi taku, ku yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci: me ya hana a yi tun da, kuma me kuke buƙata daga gare mu? A nan muka gano cewa ofishin da muke zagi yana da mota, matsalarsa man da za a zuba mata. Mu kuma mai gidan man unguwarmu bai taɓa jin an tambaye shi ba.

Ku shirya jin buƙatar da ba ita kuka zo da ita ba. Masu ɗigon shan inna sun sha jin magidanta suna cewa: kullum kuna zuwa ƙofar gida da maganin da ba mu roƙa ba, amma zazzaɓin cizon sauro yana kashe mana yara, asibiti ba magani, famfo ba ruwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma shirin bai ci gaba sosai ba sai da ya saurare ta. Aka fara kafa sansanonin lafiya a unguwanni, inda uwa za ta kawo yaro a duba shi, a ba shi maganin zazzaɓi ko na gudawa, sannan a ɗiga masa. Haka ku ma, idan matan gida suka ce ba su da wurin zuba shara, to ba ku da bakin hana su zubawa a kwata sai kun samar da wurin.

Mataki na huɗu: wa zai kira zama, su wa za su zauna

Mai kiran zama ya zama wanda ba a jin kunyar amsa kiransa, kuma ba a ganinsa da hular wata jam'iyya. A yawancin wurare hakimi ne ko dagaci. Wannan ma an gan shi a shan inna: a 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, daga nan saƙo ya riƙa sauka daga fada zuwa hakimi, zuwa dagaci, har mai unguwar da ya san gidan da aka yi haihuwa jiya. Ɗan siyasa a ba shi kujerarsa da girmansa, a gode masa a bainar jama'a in ya yi abin kirki, amma kada aikin ya ɗauki sunansa. Da ya ɗauka, rabin unguwa sun janye.

Kwamitin aiki kada ya wuce mutum tara zuwa goma sha ɗaya, kuma kowane ya zama mai iya yanke magana a madadin waɗanda suka turo shi. Wakilin da kullum zai ce "sai na koma na faɗa wa oga" ɗan aike ne, ku roƙi a ba ku wanda ya fi shi. Kafin ku ƙirƙiri sabon kwamiti ku duba ko akwai na da: yawancin mazaɓu suna da kwamitin raya mazaɓa da ke aiki da asibiti, makarantun gwamnati kuma suna da kwamitin iyaye da al'umma. Tayar da wanda ya yi barci ya fi sauƙi, kuma hukuma ta riga ta san da shi.

Mata kuwa, in zama cikin maza a ƙofar fada zai hana su magana, a yi musu nasu a makarantar Islamiyya, wakiliyarsu ta kawo abin da suka yanke. Shara daga cikin gida take fitowa. Ko a shan inna, mata ne suka shiga inda namiji ba ya shiga, kuma sun biya da tsada: a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano.

Mataki na biyar: takarda ɗaya, layi huɗu

Abin da za a fita da shi daga zama shi ne shafi guda mai ɗauke da wane aiki, wa zai yi, ranar da za a gama, da kuɗin wa. A rubuta sunan mutum, kada a rubuta "al'umma" ko "hukuma", don al'umma ba ta da lambar waya. A karanta da Hausa a gaban kowa, kowa ya sa hannu, mai kiran zama ya sa nasa a ƙarshe.

Ku kula da jerin aikin, wane ne ke jiran wane. A Zamfara, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010, likitocin ƙungiyar MSF suna da maganin da ke fitar da gubar daga jini. Amma ba amfanin ba yaro magani ya koma ya yi rarrafe a tsakar gidan da gubar take, sai an kankare ƙasar gidajen an zuba sabuwa. A garin Bagega aikin kankarar ya tsaya jiran kuɗin gwamnatin tarayya har farkon 2013, likitoci suna nan da magani a hannu, yara suna jira. Ƙaramin kwatancin wannan ya same mu: matasa suka fito ranar Asabar suka yashe kwata, suka tara ƙasa a bakin titi, motar da aka yi alkawari ba ta zo ba. Kwana huɗu aka yi ruwa, duk abin da aka fitar ya koma inda ya fito. Tun daga ranar muka sa doka: ba a sa shebur sai an ga mota da ido. In jiharku tana da ranar tsaftar ƙarshen wata, ku ɗora aikin gayyarku a kanta, don ranar motoci da jami'ai suna waje dama.

Mataki na shida: kuɗi

Zumunci da yawa a nan ya mutu. Asusu ya zama na banki da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku daga ɓangarori daban-daban, ba a fitar da ko sisi sai biyu sun sa. In ƙungiyar ba ta da rajista, ku yi amfani da asusun wata amintacciya da ke da ita kafin ku yi taku. Wanda zai ba da dizal ko siminti ya kawo kayan, ya fi a ba shi lambar asusu. Duk wata a manna lissafi a ƙofar masallaci da ƙofar mai unguwa, abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin ruwan leda.

Ra'ayina, kuma na san wasu ba za su so shi ba: kada a fara biyan kuɗin zama. Ranar da aka fara, kwamiti ya koma wurin neman abinci, ranar da aka daina kuma ba mai zuwa. A biya leburan da ya shiga kwata, a sayo masa takalmin roba da safar hannu, wannan haƙƙi ne.

In wata ƙungiya ko wani mai hali zai tallafa, ku koyi dabarar da aka yi a Kano. A ƙarshen 2012 gwamnatin jihar ta sa hannu kan yarjejeniya da Gidauniyar Dangote da ta Bill da Melinda Gates kan rigakafin yara na yau da kullum. Aka buɗe asusu ɗaya kowa yana zubawa, da sharaɗin kason jiha ya riƙa ƙaruwa, na masu tallafi yana raguwa, har jiha ta ɗauki kayanta. Daga baya aka yi irinta da Bauchi, Borno, Kaduna, Sakkwato da Yobe. Ku ma ku rubuta tun ranar farko wa zai ɗauki nauyin in mai tallafi ya tafi, don zai tafi.

Mataki na bakwai: bibiya

A 2012 aka buɗe cibiyar ayyukan gaggawa ta shan inna a Abuja, sannan aka yi irinta a Kano da wasu jihohi. Hikimarta ba wata mai zurfi ba ce: jami'an gwamnati da na ƙungiyoyi su zauna ɗaki ɗaya, su dubi alƙaluma iri ɗaya, a san wanda bai yi nasa ba. A ƙasa kuma, lokacin zagayen rigakafi, kowace yamma ana zama a duba aikin ranar. An shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, an yi alama da alli a bangon gida, don haka gidan da aka tsallake ba ya ɓuya, kuma gidan da aka ƙi, washegari mai unguwa ne zai je da kansa. Da irin wannan naci aka kai ga yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta daji, wato ta asali, ta kama a Kano, a Sumaila, cikin Yulin 2014. Ta sake ɓulla a Borno a 2016, a wuraren da rikici ya hana shiga, sannan ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

Naku ba ya buƙatar kwamfuta. Zama na minti talatin duk mako biyu, a ɗauko takardar nan a bi ta layi-layi: an yi, ba a yi ba, me ya hana, yaushe. Ba jawabi. Zauren WhatsApp yana da amfani in an hana tura wa'azi da siyasa da gaisuwar Juma'a a cikinsa, hoton aiki kawai da sanarwa.

In wani ya gaza, akwai tsani nan ma. A fara da waya, sannan ziyara ta mutum biyu, sannan mai kiran zama ya yi magana, sannan wasiƙa zuwa na sama da shi tare da kwafin wadda aka buga wa hatimi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ofishin gwamnati kwana bakwai ya amsa buƙatar bayani a rubuce, kuna iya tambayar abin da aka ware wa aikin a kasafi. Gidan rediyo shi ne na ƙarshe. Yana aiki, amma jami'in da kuka kunyata a iska ba zai sake ɗaga wayarku da daɗin rai ba, kuma baɗi ma akwai damina.

Mataki na takwas: saɓani, da abin da zai rage bayan an gama

Za a saɓa, musamman ranar da aka zo kan dakalin wani. Ku yanke tun kafin ranar wa ke sasantawa, kuma a auna kowa da igiya ɗaya. In za a fasa na mai shayi, a fara da na Alhaji. A Nijar, tsarin dokar karkara ya tanadi kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye, inda mai gari, ma'aikatan gwamnati, manoma, makiyaya da wakilan mata ke zama tare su shata burtali da wuraren kiwo su rubuta. Amfaninsu shi ne wurin zaman yana nan tun kafin saniya ta shiga gona.

Jami'ai ana yi musu canjin wurin aiki, ciyaman wa'adinsa na ƙarewa, shugaban matasa yana aure ya tashi daga unguwa. Saboda haka takardu su zauna a fayil biyu, ɗaya wajen sakatare, ɗaya a gidan dagaci, kuma duk sabon jami'in da ya zo a kai masa gaisuwa da kwafi a makonsa na farko. Kafin a watse daga zaman ƙarshe a raba kwatar gida-gida, kowane layi da mai kula da shi, a tsayar da wanda zai riƙa kwashe bola da abin da kowane gida zai biya shi a mako. Yaran baron nan da suke juyewa a kwata su muka ba aikin, da sharaɗin su kai inda mota ke ɗauka. Sannan a sa ranar yashe ta gaba a rubuce, cikin watan Afrilu, kafin hadari ya fara haɗuwa.